Yadda Kakanninmu na Ƙasar Illela Suke Gane Alamun Damina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. A fitowar mujallarmu ta bana mun ga ya dace mu waiwayi wani fanni na tarihin ƙasarmu wanda ba a cika rubuta shi ba, wato ilimin da magabata suka yi amfani da shi wajen gane lokacin ruwa tun kafin a san rediyo ko ma'aikatar hasashen yanayi.

Duk wanda ya tashi a gidan manoma ya san cewa a shekara akwai rana guda wadda ta fi kowace nauyi a wuyan magidanci, ita ce ranar da zai buɗe rumbu ya ɗebi iri ya nufi gona. Irin nan shi ne abin da iyali suka danne yunwa suka bari tun kaka. Idan ya yi gaggawa ya shuka a kan ruwan da bai zauna ba, tsiro ya fito rana ta ƙone shi, to iri ya tafi. Idan kuma ya yi nawa, damina ta ɗauke kafin gero ya yi ido, to wahalar shekara ta tashi a banza. Tsakanin gaggawa da nawa akwai 'yan kwanaki ƙalilan, kuma domin gane waɗannan kwanaki ne kakanninmu suka zuba ido ga sama da ƙasa shekara da shekaru.

Ƙasar da Allah ya zaunar da mu

Illela tana arewa da birnin Sakkwato, a bakin iyaka, tana fuskantar Birnin Kwanni na Jamhuriyar Nijar. Iyakar nan Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a farkon ƙarni na 20, amma hadari bai taɓa sanin da ita ba. Ruwan da ya jiƙa gonakin Araba da Kalmalo shi ne yake jiƙa na Kwanni, saboda haka ilimin da muke magana a kai gadon mutanen ɓangarorin biyu ne.

Ruwan da muke samu a shekara kimanin milimita 500 ne, wani lokaci ya ɗara, wani lokaci ya gaza, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawansa a watan Agusta. Masu binciken kayan tarihi sun gano cewa an fara noman gero a wannan yanki na Sahel fiye da shekara 4,000 da suka wuce, domin an sami shaidarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali. Ke nan na duƙe tsohon ciniki ya daɗe ƙwarai yana fama da gajeriyar damina, kuma da bai iya karanta alamunta ba, da zuriyarsa ba ta kawo yau ba.

Lissafin wata da na taurari

Abu na farko da manomi yake bukata shi ne ya san inda shekara ta kai. Watannin Musulunci da muke azumi da salla da su suna ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka watan da ya faɗo cikin damina bana, bayan wasu shekaru cikin ɗari zai faɗo. Wannan ya sa manoma suka riƙe nasu ƙidayar, wadda take farawa bayan an kai amfanin gona gida. Idan aka ƙirga aka kai wata na bakwai, zafi ya kai matuƙa, sai kowa ya shiga gyaran gona da sassabe da kai taki. Daga nan ne aka sami kirarin nan da ake cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama.

Da dare kuma akwai tarin taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai suke kira Surayya. A lokacin ɗari tana tsaye tsakar sama da farkon dare. Kullum tana ƙara karkata yamma, har wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu ta ɓace gaba ɗaya. Ɓacewarta sanarwa ce cewa rani ya zo ƙarshe. Bayan kimanin kwana 40 sai ta sake bayyana ta gabas gab da asuba, kuma dattawa suna ganin cewa wanda Kaza ta dawo ta tarar bai shirya irinsa ba, ya fara makara.

Da ilimin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa, malamai suka zo da lissafi mafi tsari. Sun raba shekara zuwa taurari 28, kowane tauraro kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Kowane yanayi, wato bazara da damina da kaka da ɗari, yana da taurari bakwai. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Zubra. Haƙ'a tana kamawa ne wajen ƙarshen Mayu, Jabha kuwa tana faɗowa cikin Agusta, lokacin marka, sa'ad da ake kwana ana wuni ana ruwa. Idan Sarfa ta kama, kaka ta shigo. Saboda wannan lissafi yana bin rana, ba ya gocewa daga yanayi. Shi ya sa a da za ka ga manomi ya tsaya bayan sallar asuba yana tambayar liman, "Allah gafarta malam, wane tauraro muke ciki, kuma kwana nawa ya yi?" Amsar da ya samu ita za ta gaya masa ko ruwan jiya na shuka ne ko kuwa na yaudara.

Iska, zafi da hadari

Lissafi yana faɗin lokacin da ya kamata ruwa ya zo, amma ba ya faɗin ko ya taso. Wannan aikin iska ne. Tun daga Nuwamba iskar hunturu take busowa daga arewa maso gabas, busasshiya mai hazo, tana fasa leɓe da kaushin ƙafa. Ranar da dattijo ya fito da safe ya ji iska ta juyo daga kudu maso yamma, mai laushi, to ya san an shiga wani hali. Akwai shaidu a cikin gida ma: gishiri ya fara damshi, fatar ganga ta saki har sai makaɗi ya gasa ta, gumi ya daina bushewa a jiki, dare ya yi zafi har barci ya gagara a ɗaka. Dattawa sukan ce shekarar da ɗari ya yi tsanani kuma bazara ta yi zafi sosai, ana sa ran damina mai kyau.

Mu da muka karanta labarin ƙasa a kwalejin horon malamai, daga baya muka karantar da shi, mun tarar cewa littafi bai saɓa wa dattawa ba a nan. Zafin da yake taruwa a kan Sahara shi yake janyo iska mai ɗauke da laima daga Tekun Atilantika, ta biyo ta kudancin Nijeriya tana hawowa arewa sannu a hankali. Wannan ne dalilin da ya sa ruwa yake fara sauka a Kwantagora da Yawuri da Zuru kafin Sakkwato, Sakkwato kuma kafin Illela.

Magabata sun san wannan tafiya ta ruwa, don haka suke bin labarinsa. Kasuwar Illela ta ranar Lahadi, wadda take tara mutanen Gobir da Adar da Kabi, ta kasance wurin jin inda aka yi ruwa da inda aka yi shuka. Haka nan Fulani makiyaya da suka yi rani a kudu, idan aka ga sun fara kunno kai da garkunansu suna komawa arewa, an san cewa ciyawa ta tsiro a bayansu kuma ruwa yana biye da su.

Wani abin lura shi ne, ko da yake laima daga kudu maso yamma take zuwa, hadarin da yake zubar da ruwa daga gabas yake tasowa. Idan gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cik, sa'an nan guguwa mai jan ƙura ta taso, sai mata su kwashe shanya, yara su koro awaki gida. Hadarin da ya haɗu a yamma kuwa ba a cika kula shi ba, domin ya riga ya wuce mu. Ana kuma duban wata idan ya yi sansani, wato zobe ya kewaye shi, a ce akwai laima a sama. Bakan gizo kuma ana kiransa masha ruwa, saboda an lura yakan fito ne sa'ad da ruwa yake ɗaukewa. Duk da haka, Bahaushe ya yi wa kansa gargaɗi da cewa hadari ba ruwa ba ne, alama ce.

Shaidar itatuwa da tsuntsaye da ƙwari

Itatuwa suna jin canjin yanayi kafin ɗan Adam. Kuka, wadda ta yi rani tsirara, takan fara tofo tun ruwa bai sauka ba. Tsamiya takan sake sabon ganye, faru kuma ya nuna 'ya'ya. Amma babban mashaidi shi ne gawo, wanda al'adarsa ta saɓa wa ta sauran itatuwa: yana da ganye kore shar duk tsawon rani, idan damina ta gabato sai ya kaɗe shi. Manomi idan ya ga gawon gonarsa ya fara zubar da ganye, ya san lokaci ya yi kusa. Ganyen nan da ya zuba taki ne, kuma da yake itacen ba ya yi wa shuka inuwa da damina, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kyau. Saboda haka ne magabata ba su yarda a sare gawo a gona ba.

A cikin tsuntsaye babu kamar shamuwa. Masana sun tabbatar cewa tana yin watannin ranin mu ne a gabashi da kudancin Afirka, sa'an nan ta biyo ruwa ta dawo ƙasashenmu ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe. Saukarta a kan tsamiya ko kukar tsakar gari bushara ce, yara su yi ta murna, kuma ba a jifarta, ba a taɓa ƙwanta. Ana sauraren kukan ragon maza a cikin kurmi, ana kuma duban tsattsewa idan ta yi ƙasa-ƙasa tana kamun ƙwari gab da hadari. Masu gonaki a gefen Tafkin Kalmalo da sauran fadamu sukan duba inda tsuntsaye masu saƙa suka rataya sheƙarsu: idan sun yi ta can sama, sai a yi tsammanin ruwa zai cika, a ja da shuka baya daga gaɓa.

Ƙananan halittu ma suna da nasu labari. Tururuwa idan ta yi jerin gwano tana kwashe ƙwai da abinci daga rami zuwa tudu, ruwa ya kusa. Fitowar shinge da dare bayan ruwa shaida ce cewa laima ta ratsa ƙasa har cikin suri. Kwaɗi kuma ba sa cika gari da kuka sai tafkuna sun kama ruwa.

Hukunci na ƙarshe yana hannun ƙasa

A nan ne hikimar magabata ta fi bayyana. Ba su taɓa ɗora irinsu a kan alama guda ba. Kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci sai shaidu sun haɗu, haka manomi yake jira tauraro ya dace da iska, iska ta dace da gawo da shamuwa. Bayan duk wannan, idan ruwa ya sauka, da sassafe zai tafi gona ya tona ƙasa da hannu. Idan laima ta kai zurfin tafin hannu ko fiye, kuma ya dunƙula ƙasar ta kama, to ruwan shuka ne, sai a fito da sungumi, manya suna sara, mata da yara suna zuba iri suna rufewa da diddige. Idan kuwa ya tarar da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashi, sai ya koma gida ya ƙara haƙuri, ko da maƙwabta sun fita.

Akwai kuma binne, wanda mu a nan muke cewa bizne, wato a shuka gero cikin busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa ya tarar da shi. Mai yin bizne yana neman ya riga kowa ne, kuma ya san kasadar da ke ciki: idan yayyafi ya sauka iri ya tsiro sa'an nan ruwa ya ɗauke, ya yi hasara. Saboda haka mai hankali ba ya bizne gonarsa duka, kuma ba ya fitar da irinsa duka. Yakan raba: gero mai saurin nuna a jigawa, maiwa da dawa a inda ƙasa ta fi riƙe ruwa, wake a tsakanin kunya. Kowace irin damina aka samu, wani abu zai tsira. Wannan ya nuna cewa sun san iyakar saninsu, kuma sun yi tanadi domin ranar da alamu za su saɓa.

Arwa da matsayin malamai

Tarihi bai cika ba idan ba mu ambaci cewa kafin Musulunci ya game ƙasa, akwai wata hanyar neman sanin shekara ta wajen Arna, wadda ta haɗa da bukin buɗin daji da duba. A ƙauyen Masalata da ke kusa da Birnin Kwanni, an san bukin Arwa, inda masu gadon abin suke taruwa shekara-shekara su faɗi yadda suke ganin damina za ta kasance.

Malaman Musulunci sun bambance tsakanin wannan da lura da alamu. Sun karantar cewa danganta saukar ruwa ga ikon wani tauraro ya saɓa wa tauhidi, kamar yadda ya tabbata a hadisi, amma amfani da taurari domin sanin lokaci da alƙibla da hanya halal ne. Wannan bambanci ne ya ba liman damar riƙe lissafin Haƙ'a da Han'a, kuma shi ɗin ne yake jagorantar jama'a zuwa bayan gari roƙon ruwa idan fari ya yi tsanani. Shi ya sa duk dattijon da ya gama lissafa maka alamunsa, da "in Allah ya yarda" yake rufewa.

Shekarun da sama ta ƙi

Akwai shekarun da shamuwa ta zo, gawo ya kaɗe, amma ruwa ya ƙi. Farin 1913 ya haifar da yunwar 1914 wadda aka fi sani da Kakalaba, wadda ta halaka jama'a masu yawa a ƙasar Hausa. Da yawa daga cikinmu mun ga farin 1972 zuwa 1974 da idonmu, sa'ad da dabbobi suka yi ta faɗuwa, 'yan uwanmu na arewa suka kwararo ta Illela suna neman abinci. Sai kuma na 1984, wanda ya zo daidai da rufe iyakokin Nijeriya daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. A ɗaya gefen kuma, ambaliyar Satumban 2010 ta cinye gonaki da gidaje a Goronyo da wasu ƙananan hukumomin jiharmu.

Abin da waɗannan shekaru suka koyar shi ne, alamun gargajiya sun fi ƙarfi wajen faɗin cewa ruwa ya kusa, sun fi rauni wajen faɗin yadda damina za ta ƙare. Dalili kuwa shi ne, abin da yake hukunta yawan ruwan Sahel ya haɗa da ɗumin ruwan tekuna masu nisan dubban kilomita, abin da idon manomi ba zai iya gani daga gonarsa ba. Farin shekarun 1970 ne ya sa ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, Nijeriya kuma ta kafa hukumar NiMet a 2003, wadda take fitar da hasashen damina kowace shekara. Su kuma nasu hasashen na yanki ne mai faɗi. Ba zai gaya wa mutumin Gidan Hamma ko ruwan daren jiya ya isa shuka a gonarsa ba. Wannan har gobe sai ya tona ƙasa da hannunsa. Ashe ilimin biyu kowane yana bukatar ɗan uwansa.

Abin da ya rage a wuyanmu

'Yan uwa, abin da yake damunmu shi ne mashaidan nan suna ƙarewa. Gatari ya rage gawo da tsamiya, kuma idan babu dogon itace a gari, ina shamuwa za ta sauka? Hasken lantarki da na waya sun ɗauke idon yara daga sama, har ana samun ɗan sakandare da ba zai iya nuna Kaza da 'Ya'yanta ba. Dattawan da suka haddace taurari 28 da kwanakinsu kullum raguwa suke yi. Da yawa daga cikinku kuna aiko da kuɗin iri da taki kowace bazara, kuma kun san zafin a bugo waya a ce shukar farko ta ƙone, a sake aikowa.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara uku. Ta farko, a naɗa ƙaramin kwamiti da zai zagaya gundumominmu ya ɗauki muryoyin tsofaffin manoma da limamai da makiyaya, maza da mata, a rubuta abin da suka sani da harshensu, a adana. Ta biyu, a sayi ma'aunin ruwan sama a ajiye a wasu makarantun firamare, ɗalibai su riƙa rubuta ruwan kowace rana, tare da ranar da shamuwa ta sauka da ranar da gawo ya fara kaɗewa. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma bayan shekara 10 za mu mallaki littafin da zai nuna mana wace alama ce har yanzu take faɗin gaskiya. Ta uku, duk mai gonar gado a gida ya ja kunnen masu noma masa su bar gawon da ya tsiro da kansa ya girma, kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980 har gonakinsu suka sake cika da itatuwa.

Ku kuma da kuke birni, idan kun kawo yara hutu, ku fitar da su tsakar gida da dare ku nuna musu taurari, ku kai su gaban kakanninsu su yi tambaya tun ana iya ba su amsa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.